An Ba 'Yata Labarin Ƙasa a Jami'a, Me Za Ta Yi Da Shi?

Duk shekara idan sunayen waɗanda suka samu gurbin jami'a suka fito, sai wasiƙu irin ta farkon nan su cika mini akwati. Bana na ce bari in amsa sau ɗaya da tsawo, in haɗa da wasu da suka daɗe suna jira a kan wannan fanni, tunda shi na karanta, shi kuma na koyar a sakandare har na yi ritaya.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. 'Yata ta fari ta nemi karatun likita, maki bai kai ba, sai aka tura ta Sashen Labarin Ƙasa. Tun ranar da sunaye suka fito take kuka. Ni ɗan kasuwa ne, karatuna bai wuce firamare ba, abin da na tuna da shi kawai shi ne haddar sunayen koguna da manyan biranen duniya. Ashe shekara huɗu za ta yi tana wannan hadda? Ko in ce ta zauna a gida ta sake jarabawa baɗi? Wani mahaifi daga Gumel.

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya yi wa yarinya albarka, ya sanyaya mata zuciya. Haddar da ka tuna mu malaman makaranta ne muka ɓata wa fannin suna da ita, ni ma ban fita daga laifin ba. A jami'a ba wanda zai tambaye ta babban birnin Ajantina.

Sashen gida ɗaya ne mai ɗaki biyu. A ɗaki na farko ana nazarin ita ƙasar: duwatsu, ruwan sama, iska, irin turɓaya, yadda kogi ke cin gaɓarsa. A na biyu ana nazarin mutane a kan ƙasar: me ya sa gari ya zauna a nan bai zauna a can ba, wa ya mallaki wace gona, ina 'yan cin rani ke zuwa, me ya sa kasuwar Maigatari ke ci ranar da take ci kuma daga ina dabbobinta ke fitowa. A wasu ƙasashe, kamar Suwidin, an raba ɗakunan biyu kowanne ya zama sashe mai cin gashin kansa. A jami'o'inmu suna tare, ɗalibi ya ɗanɗani kowanne, sai can gaba ya karkata inda zuciyarsa ta fi kwanciya. Ni na biyun na bi, shi ne kuma zan iya ba ka labarinsa.

A Najeriya an fara wannan karatu ne a Ibadan, wadda aka buɗe a 1948. Can ne aka samu Akin Mabogunje, wanda ya zama ɗan Afirka na farko da ya shugabanci ƙungiyar masana labarin ƙasa ta duniya, daga 1980 zuwa 1984, yana kuma cikin waɗanda suka yi binciken yankin da aka gina Abuja. Ya rasu a 2022. A Arewa kuwa, sai da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya a watan Oktoba na 1962. A wannan shekarar wani saurayi Bature daga Ingila, Michael Mortimore, ya fara koyarwa a can. Ya yi shekara 17 a Zariya, a 1979 ya koma Jami'ar Bayero ta Kano a matsayin farfesa, ya zauna har 1986. Takarda ta farko da sashen na Zariya ya buga a jerin takardun bincikensa, a 1965, shi ya rubuta ta tare da wani abokin aikinsa, kuma ba a kan wata ƙasa mai nisa ba ce. A kan ƙasar Ungogo ce, bayan ganuwar Kano: mutum nawa ke zaune, gona nawa, me ake shukawa, me ake kaiwa birni, me ake dawowa da shi. Hukumar tsara birnin Kano ta lokacin aka yi wa aikin.

To ka ga tun daga tushe aikin sashen fita ne, ba zama a aji ba. Bari in ba ka nawa labarin, don ka ga abin da 'yarka za ta tarar.

A hutun ƙarshen shekara na 1977 aka tura mu, mu huɗu, wani ƙauye a karkarar Kano. Kafin mu tafi an ba mu hotunan wurin da aka ɗauka daga jirgin sama, baƙi da fari, guda biyu masu haɗa gefe. Akwai wani madubi mai ƙafafu da ake ɗorawa a kansu, idan ka leƙa ka daidaita idonka sai ka ga bishiyoyi sun miƙe tsaye, rufin ɗaki ya taso, kamar kana shawagi a sama. Na ɗora farar takarda mai shara-shara na kwafi iyakar kowace gona da siririn alƙalami. Kwana uku na yi a kai, ina ta jin kaina. Akwai wasu layuka biyu baƙaƙe da suka ratsa gonakin daga gabas zuwa yamma, na rubuta musu "hanyar mota". Da muka isa, ashe burtali ne, an shinge shi da aguwa hagu da dama don kada shanu su faɗa gona. Wani fili kuma da na sa wa alamar saura, wato gonar da aka bari ta huta, maƙabarta ce. A duk ƙauyen ba saura ko taki ɗaya.

Wannan mai sauƙi ne. Mai wuyar ita ce tambaya. Mai unguwa ya haɗa ni da wani dattijo, na zauna a tabarma da takardata na ce, "Baba, gonaki nawa gare ka?" Ya dube ni, ya dubi biro, ya ce ɗaya. Lokacin ba a soke haraji ba, sai a 1979 Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke shi a Kano da Kaduna, saboda haka yaro mai wando da takarda ba abin yarda ba ne. Na tambaye shi 'ya'ya nawa, ya ce, "Alhamdu lillahi." Na sake tambaya, ya sake cewa alhamdu lillahi, na ga dai ba inda za mu. Sai da na yi mako biyu ina bin sa gona, ina riƙe masa akalar jaki, muna cin ɗumame tare da safe, sannan a hankali gonar nan ɗaya ta zama biyar. Akwai gandu da suke nomawa da ƙannensa, akwai gayaunarsa, akwai wadda ya karɓa jingina, akwai ta aro daga surukinsa, akwai ɗan yanki a fadama da yake rake da albasa. Kuma bai yi mini ƙarya ba ranar farko. Tambayata ce ba ta da kai: wadda ya gada shi kaɗai, wadda zai iya cewa tasa ce ba da wani ba, ɗaya ce. Takardar da na zo da ita gurbi ɗaya ta bari na amsa.

Abin da sashen ke koyarwa ke nan, idan an dace da malamai: ka iya taswira, ka iya lissafi, sannan ka san cewa su biyun za su iya yaudararka in ba ka taka wurin da ƙafarka ba.

Batun abinci kuwa, ba zan yi maka daɗin baki ba. Ba kamar likita ba ne da aiki ke jiransa a ƙofa. Amma hukumar ƙidaya ba ta iya ƙirga mutum ɗaya sai an yanka ƙasa gunduwa-gunduwa a taswira, kowane malamin ƙidaya da nasa yanki. Na yi wannan aikin kafin ƙidayar 1991, kuma yawancin waɗanda muka yi tare 'yan fannin ne. Ma'aikatun filaye da tsara birane suna ɗaukarsu, haka hukumomin agajin gaggawa da na muhalli. Abin da ya fi tafiya yanzu shi ne taswirar kwamfuta da ake kira GIS. Lokacin yaƙi da cutar shan inna, an gano cewa akwai rugage da ƙananan unguwanni da masu allura ba sa kaiwa, don ba sa cikin taswirar hannu da ake amfani da ita. Sai aka zana sababbi daga hoton tauraron ɗan adam, aka ba masu allura waya mai nuna inda suka taka. Wannan na cikin abin da ya taimaka har aka bayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar shan inna a watan Agusta na 2020. Ga 'yarka mai son aikin lafiya, ka ga akwai ƙofa ta nan.

Shawarata: kada ta zauna a gida. Ta je ta fara. In har zuciyarta na kan likitanci ta sake rubuta jarabawar tana ciki. Amma ka saya mata kwamfuta tun a shekara ta biyu, ko ta hannu ce, kuma duk ranar da ta ce za su fita aikin fili, ka ba ta kuɗin mota ba tare da dogon bincike ba.

TAMBAYA: Malam, ina aji uku a babbar sakandare. Malaminmu ya ce hamada na cin Najeriya da fiye da rabin kilomita kowace shekara, kuma laifin manoma ne da yawan haihuwa da saran itace. Amma yayana da ke jami'a ya ce wani Bature da ya zauna a Kano ya nuna ba haka ba ne. Wanne zan rubuta a jarabawa? Ɗalibinka daga Kazaure.

AMSA: Ɗana, a jarabawa ka rubuta abin da ke cikin littafinku, kada ka jawo mini faɗa da malaminka. Amma tunda ka tambaya, zauna ka ji.

Baturen da yayanka ke nufi shi ne Mortimore da na ambata a sama. Kuma zancen hamada na tahowa ya girme mu duka. Tun a 1935 wani masanin gandun daji ɗan Birtaniya, Stebbing, ya yi shelar cewa Sahara na gab da cinye arewacin Najeriya. Turawan Ingila da na Faransa suka haɗa kwamiti ya bi iyakar Najeriya da Nijar a 1936 zuwa 1937, ya dawo ya ce bai ga alamar haka ba. Bayan shekara hamsin, da aka fara auna koren ƙasa da tauraron ɗan adam, sai aka ga bakin hamadar ba tafiya ɗaya yake yi ba. A 1984, shekarar da fari ya yi tsanani, ya gangaro kudu sosai. Da ruwa ya dawo a shekarun da suka biyo, ya ja da baya. Kamar bakin tafki ne, yana gaba yana baya. Wannan ba ya nufin ba matsala. Wanda ya je Yusufari a Yobe ya ga tudun rairayi a bayan ɗakin mutane ba zai ce ƙarya ba ce. Abin da nake ƙi shi ne a ɗauki lamba ɗaya a shafa wa ƙasa duka daga Sakkwato har Barno.

Yanzu ga batun manoma. Tunanin da aka gada daga wani Bature mai suna Malthus, tun 1798, shi ne idan mutane suka yi yawa za su cinye ƙasa, yunwa ta rage su. In haka ne, karkarar Kano ya kamata ta fara mutuwa, don ba inda ya kai ta cunkoson manoma a wannan yanki na Afirka. Mortimore da ɗalibansa suka je suka duba. Abin da suka tarar, kakanka ya san shi, sai dai ba wanda ya taɓa aunawa ya rubuta. Gona ba ta hutu, kowace damina ana noma ta, amma ba ta mutu ba. Dalili: da damina tumaki da awaki suna turke a gida, ana yanko musu ciyawa, kashinsu na taruwa, da rani a kwashe a mangala a kai gona. Jakin da ya kai itace ko hatsi birni ba ya dawowa wayam, shara da toka yake ɗaukowa. Gero da dawa da wake da gyaɗa a gona ɗaya, harawa ta koma wa dabba, dabba ta mayar wa gona. Kara ya zama danga ko makamashi. Ba abin da ke fita a banza.

Sai bishiya. An daɗe ana cewa birnin Kano zai ƙone duk itacen da ke kewaye da shi. Malaman sashen labarin ƙasa na Jami'ar Bayero suka ɗauki hotunan sama na shekaru daban-daban suka ƙirga bishiyoyin gonaki, aka buga sakamakon a 1990. Ba su ragu ba a gonakin da ke kusa da birni, duk da farin da aka sha a tsakani. Manomi ba ya sare ɗorawarsa ko kukarsa ko tsamiyarsa, reshe yake sassaɓewa, don bishiyar tasa ce, gado ce, ana ma raba ta a rabon gado. Itacen da birni ke ƙonawa daga nesa motoci ke kawo shi, daga dajin da ba mai shi. Ka lura da wannan bambanci, don nan gizo ke saƙar: inda mutane suka yi yawa kuma kowa ya san iyakarsa, bishiya ta tsira, inda ba kowa, nan gatari ya yi ɓarna.

Abin da ya fi burge ni a aikin mutumin nan shi ne naci. Bayan farin 1972 zuwa 1974 ya zaɓi wani ƙauyen Mangawa, Dagaceri, wanda yanzu ke jihar Jigawa, ya riƙa komawa shekara bayan shekara har 13, farin 1984 ma ya same shi yana zuwa. Wanda ya zo sau ɗaya a tsakiyar yunwa zai ga mutane sun watse, ya rubuta cewa gari ya mutu. Wanda ya dawo baɗi da baɗin baɗaɗa zai ga waɗanda suka tafi cin rani sun komo, zai ga wa ya sayar da akuya, wa ya koma saƙar kaba da tufkar igiya, wace mace ta ciyar da gida da ganyen daji, wane iri aka daina shukawa aka koma mai saurin nuna. Daga baya ya yi irin wannan aiki da abokansa a Machakos ta ƙasar Kenya, inda mutane suka ninka sau biyar tsakanin 1930 da 1990, amma zaizayar ƙasa ta ragu saboda manoma sun yi wa tuddansu matakala. A Maraɗi da Damagaram ma, tun daga shekarun 1980 manoma suka koma barin tohon gawo da sauran itatuwa a gona maimakon sassabe su, yanzu ana maganar miliyoyin kadada da suka farfaɗo.

Kada kuma ka ɗauka kowa ya yarda da shi. Polly Hill, wata Baturiya mai bincike wadda ta zauna a Ɓatagarawa sannan a Ɗorayi, ta nuna cewa a cikin wannan cunkoso akwai talakawan da gonarsu ba ta ciyar da su ko rabin shekara. Michael Watts, wani masanin labarin ƙasa wanda ya yi bincikensa a Kaita ta ƙasar Katsina, ya ce ba za a fahimci yunwa irin Kakalaba ta 1914 ba sai an sa harajin Turawa da noman gyaɗa a lissafi, don ba rashin ruwa kaɗai ke kashe mutane ba. Ina ganin su ukun kowa da gaskiyarsa. Ƙasa na iya zama lafiya alhali mai ita na kwana da yunwa.

Ni abin da ke ba ni tsoro yau ba rairayi ba ne. Ka bi hanyar Ungogo ko Kumbotso ko Dawakin Kudu ka gani. Gonakin da aka yi ɗaruruwan shekaru ana zuba musu taki, ƙasar da hamada ba ta ci ba, bulo ya cinye ta. An yanka filoti, an sare ɗorawar. Ƙauyen da na yi aikin 1977, na koma shekara uku da suka wuce, burtalin nan da na kira hanyar mota yanzu hanyar motar ce da gaske, har da gidan mai.

TAMBAYA: Shin Turawa ne suka kawo mana wannan ilimi? Mai karatu daga Birnin Ƙonni.

AMSA: Sashe da digiri da madubin hoto, su suka kawo. Sanin ƙasa kuwa sun tarar da shi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya buɗe littafinsa Infaƙul Maisuri da bayanin ƙasashen wannan yanki da mutanensu, kuma da Clapperton, matafiyi ɗan Birtaniya, ya je Sakkwato a 1824 ya koma da taswirar da aka zana masa a fadar, aka buga ta a Ingila. Madugun da ke kai ayari Gwanja ya san kowane zango da kowace rijiya da inda ake biyan fito, a kansa taswirar take. Barth, matafiyi Bajamushe, da ya shigo Kano a 1851 ya ƙiyasta mutanenta 30,000, yawancin hanyoyin da ya rubuta kuwa daga bakin fatake da alhazai ya ji su.

TAMBAYA: Malam, ni ungozoma ce a asibitin ƙauye. Kusan duk shekara sai ɗaliban jami'a sun zo da takardu suna tambayar mutane: rijiya nawa, me kuke dafawa da shi, ina kuke kai mara lafiya. Mu ba su ruwa, mu ba su lokaci, su tafi, ba mu ƙara jin ɗuriyarsu. Rijiyar ba ta ƙaru ba. Yanzu mata sun fara cewa in sun zo a ce ba kowa a gida. Me ake yi da amsoshin nan? Wata 'yar'uwa daga ƙasar Bauci.

AMSA: Hajiya, sannu da aiki, Allah ya saka. Wasiƙarki ta sa ni jin kunya, don ni ma na yi abin da kike faɗa. Dattijon nan da na ba da labarinsa, ban koma na gaya masa abin da na rubuta a kansa ba, har ya bar duniya.

Gaskiyar magana, yawancin takardun nan aikin kammala digiri ne. Ɗalibi ya haɗa, a ɗaure da baƙin bango, a ba shi maki, a jera a kanta ƙura ta rufe. Yaron ba shi da rijiyar da zai ba ku, shi ma da kuɗin mahaifinsa ya zo. Laifinsa ɗaya, in bai faɗa muku haka tun farko ba, ya bar ku kuna zaton gwamnati ce ta aiko shi.

Amma ba duka ke mutuwa a kanta ba. A ranin 1952 zuwa 1953 an sa malamai a mashigai da hanyoyin da ke fita daga lardin Sakkwato, suna tambayar duk mai wucewa daga ina, zuwa ina, neman me. Mutum fiye da 250,000 aka rubuta. Wani masanin labarin ƙasa, Mansell Prothero, ya tattara amsoshin. Na tabbata waɗanda aka tsayar a rana da ƙunshinsu a ka sun yi tsaki irin na matan garinku. Daga wannan aikin ne aka fara ganin girman cin rani a rubuce, daga baya kuma shi Prothero ya yi aiki da hukumar lafiya ta duniya, ya nuna cewa ba za a kawar da zazzaɓin cizon sauro a wuri ba muddin ana lissafi kamar mutane a zaune suke, alhali rabin shekara suna wani gari. Ke da ke neman mai ciki ranar awo a ce miki sun tashi, kin fi ni sanin wannan.

Haka batun madatsun ruwa. Da aka gama Tiga a 1974, sannan Challawa a 1992, manoman rani na kusa sun samu, amma ambaliyar da ke cika fadamun Haɗeja da Nguru ta ragu, masunta da makiyaya da masu shinkafa na can ƙasa suka ji a jikinsu. Waɗanda suka bi kogin suna aunawa suna tambaya, da yawansu 'yan wannan fanni ne, kuma rubutunsu ne ya zama hujjar masu neman a riƙa sako ruwa don na ƙasa.

Ga abin da za ki yi. In sun sake zuwa, kafin a ba su ko kofin ruwa, ki nemi takardar da sashensu ya ba su, ki rubuta sunan malamin da ke duba aikin. Ki ce sharaɗinku shi ne idan an gama a kawo muku kwafi ɗaya, da taswirar garin da suka zana, a kuma zo a karanta wa mutane sakamakon da Hausa a ƙofar dagaci. Taswirar da ke nuna unguwa kaza tana tafiyar kilomita kaza kafin ta samu ruwa, in tana hannunku, takarda ce da za ku ajiye a gaban kansila ko shugaban ƙaramar hukuma. Malaman sassan nan kuma, na san wasunku na karanta wannan shafi: ku daina tura yara sabon gari kowace shekara. Ku kama gari uku ko huɗu ku riƙe su shekara ashirin, kowane aji ya ɗora a kan na baya.

TAMBAYA: Mene ne bambancin mai labarin ƙasa da safiyo? Maƙwabcina ya shigo mini fili da taku uku, wanne zan kira? Daga Rigasa, Kaduna.

AMSA: Safiyo za ka kira, mai lasisi, shi ne awonsa ke tsayawa a kotu. Mai labarin ƙasa zai iya yi maka bayanin yadda Rigasa ta cika ta batse cikin shekara talatin, da dalilin da ya sa filayenku ba su da dutsen iyaka, amma ba zai dawo maka da taku ukunka ba. Kafin safiyon ma, ka fara da mai unguwa da dattawan da suka shaida cinikin, ka kuma nemo takardar da aka rubuta ranar, ko da ta yage.